Na'urar da Ba Ta Karɓar Aike

Ƙarfe bakwai na safe daidai, a ɗakuna miliyan uku na Birnin Tsauni, wani akwati mai faɗin faifai da ke manne a bango yakan yi ɗan gurnani irin na kyanwar da ta ƙoshi, sannan ya yi magana: "Ina kwana. A ɗora tafin hannu a kan gilashi. Akwai inda yake ciwo?" Sunansa a takarda Na'urar Lafiyar Bai-Ɗaya, amma mutanen gari Duba-Gida suke ce masa. Ƙadangaru ma sun san da zamansa, don bayansa akwai ɗumi, har an sami waɗanda suka yi ƙwai a can.

A wannan lokaci Injiniya Tanimu, wanda ya ƙera shi, yakan tsaya a hawa na arba'in na ginin Hukumar Lafiya, gaban wani makeken bango mai ƙwayoyin haske, kowane ɗaki da tasa. Na'urar tana auna zafin jiki da bugun zuciya ta tafin hannu, saura kuwa sai abin da mutum ya faɗa da bakinsa. Wanda ya ce babu ciwo, ƙwayarsa ta zama kore. Wanda ya yi ƙorafi, ta zama ja, a ba shi ranar ganin likita. Ba a shiga asibiti ta wata hanya sai wannan. Kullum safiya Tanimu yakan kalli koren nan yana malala a bangon kamar gonar shinkafa da damina, ya ji ƙirjinsa ya buɗe. Muryar da ke tambayar ma tasa ce. Ranar da aka zauna zaɓen murya, manyan Hukuma suka ce ai tasa tana da natsuwa, shi kuma bai yi musu ba.

Kafin dokar Bai-Ɗaya, a tsohuwar kasuwa ake neman lafiya, a wani layi mai rumfuna sittin da ɗoriya. Kowace rumfa da irin injinta: wani yana gane ciwo ta numfashi, wani ta gumi, akwai ma wani mai kama da agwagwa da ke leƙa kunnen yara yana kuka don su yi dariya. A cikin masu rumfunan akwai na ƙwarai, akwai 'yan damfara, sai dai ɗan damfara ba ya daɗewa, don labarinsa kan riga shi isa gida. Gwamnati ta ce wannan hargitsi ne, kuma talaka na shan wuya, wanda ba ƙarya ba ne. A taron jin ra'ayi wata mai rumfa, Hajiya Tabawa, ta miƙe ta ce, "In talaka kuke ji, ku ba shi katin biya a hannunsa, ya je rumfar da ransa ya kwanta da ita. Kada ku toshe ƙofa sittin ku bar masa guda." Tanimu ya karɓi lasifika ya ce lafiyar jama'a ba daddawa ba ce da za a riƙa zagaye kasuwa ana ɗanɗanawa. Zaure ya ɗauki dariya. Bayan wata guda aka garƙame rumfunan.

Shekara ɗaya da 'yan watanni da yin haka, ƙanwarsa Lantana ta shigo masa ofis da mayafinta a karkace, ko zama ba ta yi ba.

"Yaya, Inna ta faɗi jiya a kan bene, wajen shanya kuɓewa."

Ya juya ga allo ya kira ɗakin mahaifiyarsu, Inna Hansai. Kwana ɗari huɗu da sha ɗaya, kore zalla. "Ga shi nan, lafiyarta lau. Wataƙila rana ce."

"Rana? Shekara guda ke nan jini na zubar mata. Tsohuwar da ta daina al'ada tun kana makaranta."

Kunnuwansa suka yi zafi. Bai taɓa jin an haɗa sunan Inna da irin wannan magana ba. "To me ya hana ta faɗa wa na'ura?"

"Ta faɗa wa wa? Kai?" Lantana ta riƙe haɓa. "Yaya, ilimin nan naka a ina ya tsaya? Kai ne ɗan farinta. Tun da ta haife ka ba ta taɓa kiran sunanka ba, ba ta taɓa cin abinci a gabanka ba. Sai ka ɗauki muryarka ka liƙa mata a gefen gado, kullum safe tana tambayarta inda ke ciwo? Sai ta yi lulluɓi take miƙa masa hannu, ta baya."

"Ke fa? Ai da kin faɗa masa a madadinta."

"Sau uku ina gwadawa. Ka san abin da ya ce mini? 'Ba a karɓar aike, sai mai jiki.'"

Tanimu ya sani. Shi ya rubuta wannan jimla da hannunsa, don kada wani ya karɓi layin likita da sunan wani. Ya ma tuna cewa ya yi alfahari da gajartarta.

Ya haura wurin Shugaban Hukuma ya roƙi a sauya muryar, ko a yarda da aike. Shugaba ya saurare shi da fara'a, ya ce ai na'ura ɗaya ce ga kowa, abin da aka taɓa a ɗaki ɗaya ya taɓu a miliyan uku, don haka sai kwamiti ya zauna, kwamiti kuwa sai bayan wata shida. Ya kuma tuna masa cewa a bara an ba shi lambar yabo saboda matan Birnin Tsauni sun fi na ko'ina lafiya. Da Tanimu ya sauko, ya sa allo ya ware masa matan da suka haura hamsin waɗanda ba su taɓa yin ƙorafi ba ko sau ɗaya. Adadin da ya fito ya sa shi kashe allon da sauri, kamar wanda ya buɗe banɗaki da mutum a ciki.

Washegari da azahar ya hau jirgin igiya, mai tafiya a rataye a sama, ya sauka a tsohuwar kasuwa. Ya bar rigar aiki a gida, ya ja hula har gira. Ba wanda ya kula shi, sai da ya tsaya gaban wani mai yankan farce ya ce, "Salamu alaikum, don Allah ina rumfar Hajiya Tabawa?"

Mutumin ya saki almakashi. Masu zama a benci suka waiwayo gaba ɗaya.

"La ilaha illallahu! Jama'a, ga Duba-Gida da ƙafafu!"

"Ranka ya daɗe, akwai inda yake ciwo?" in ji wani mai goro, aka bushe da dariya.

"A ɗora masa tafin hannu mana, a kumatu!"

Ya bi inda aka nuna masa da baki, kansa a ƙasa. Hajiya Tabawa yanzu kayan miya take sayarwa. Ta tsufa fiye da yadda ya tuna, tana zaune tsakanin buhun kuka da kwandon daddawa. Ta dube shi tun daga takalmi har hula.

"Injiniya. Ɗanɗanawa ka zo yi? Ta kalwa ce, mai kyau."

Ya tsuguna, abin da ya shekara ashirin bai yi wa kowa ba a waje. "Hajiya, mahaifiyata ce…"

"A'a." Ta ɗaga hannu. "A nan ba a cewa haka. Cewa ake yi, wata baiwar Allah ce ta aiko ni."

Ya gyara magana. "Wata baiwar Allah ce."

"Ita ta aiko ka?"

"Ba ta san na zo ba."

"Na san ba ta sani ba." Ta kore ƙuda daga kwandon. "Shekara goma sha biyu baiwar Allahn nan tana aiko mini ƙanwarka. Ban taɓa tambayar ko wace ce ba, ita ma ba ta taɓa tako rumfata ba. Rabin cinikina haka yake. Suruka ta aiko jika, mai gida ya aiko amininsa, a ce mini wani ne a unguwarmu. Ni ba don na fi ka ilimi na gane haka ba. Ranar da na matsa wa mace ta faɗi da bakinta, gobe rumfar abokiyar sana'ata Ladiyo za ta koma, shi ke nan na rasa ta. Kai wa zai guje maka? Ina za shi?"

Ta tashi ta ɗage buhunan, ta zaro wani abu mai kama da ɗan ƙoƙo da murfi, baƙi, mai sheƙi. Ta ce sunansa ƙoƙon aike. Ba ya magana, ba ya tambaya. Ana kai shi gida, mai jiki ta sa ɗan tsumman da ya taɓa ciwon a ciki ita kaɗai a ɗakinta, ta rufe, a dawo da shi, injin ya karanta.

"In aka kama ni da shi, gidan yari ne, da dokarku," in ji ta. "Sa shi a hularka."

Haka babban injiniyan Hukumar Lafiya ya ratsa kasuwa da haramtaccen ƙoƙo a kansa, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

Kwana biyu bayan nan Lantana ta dawo da shi. Tabawa ta jona shi da wani tsohon allo a bayan rumfa, ta daɗe tana dubawa, sannan ta cire tabarau ta goge da bakin zane.

"Ciwon daji ne, a mahaifa. Bara warhaka, da zama ɗaya za a ƙone shi da haske ta koma gida ta yi tuwo. Yanzu ya fi ƙarfina. Ku haye kogi zuwa Gidan Rimi, dokarku ba ta kai can ba tukuna. Akwai Dokta Asabe, maƙwabciyar rumfata ce kafin ku kore ta. Kada ku kwana biyu."

Suka tafi da motar haya mai tuƙa kanta. Tanimu ya zauna a gaba, Inna da Lantana a baya, Inna ta juya fuskarta ga taga tun daga ƙofar gida. A Gidan Rimi layin rumfuna na nan da hayaniyarsa, masu kira na kira, wani na rantsuwa cewa injinsa ya fi na maƙwabcinsa, wata na ciniki kamar za ta sayi akuya. Da can Tanimu zai ce wannan abin kunya ne. Yau ya tsaya a rana a waje, don ba shi da izinin shiga, yana kallon tsofaffin mata suna shiga ƙofofi daban-daban, kowacce ta san tata.

Dokta Asabe ta fito bayan sa'a biyu. Ta gane shi, amma ba ta ce komai a kan wannan ba, abin da ya yi masa zafi fiye da dariyar kasuwa. Ta ce ciwon ya bazu zuwa hanta. Za ta iya tsayar da jinin, ta rage raɗaɗin. Sauran kuwa watanni ne, uku ko huɗu, sai abin da Allah ya yi.

Suka kamo hanyar dawowa. Motar ta hau doguwar gadar kogi, dogayen gine-ginen Birnin Tsauni suka bayyana can gaba suna walƙiya, ginin Hukuma ya fi kowanne tsawo. Tanimu ya rasa inda zai sa idonsa, ya zuba shi a kan gwiwoyinsa.

Sai ya ji Inna ta yi gyaran murya. Ba da shi take ba, da Lantana take, a hankali, amma yadda zai ji.

"Ki gaya wa mutumin gaban nan kada ya sa abin a ransa. Aikinsa ya yi kyau, duk unguwa ana yi mini barka. Ni ce dai ban iya da abin zamani ba." Ta numfasa. "Kuma ki ce masa ya riƙa cin abinci. Kullum safe ina jin muryarsa, na san ba ya ci."

Lantana ta toshe bakinta da mayafi. Tanimu ya so ya juya, wuyansa ya ƙi. Ya buɗe baki, sai ya tuna wace murya ce za ta fito, ya rufe. Motar ta ci gaba da tuƙa kanta, ta sauka daga gada, ta shiga garin da Tanimu ya warkar.