Ƙanen Wanda Ya Shiga Daji

Hasna tana tsakar gida tana tsince shinkafa a faifai, sai yayanta Sufyan ya banko ƙofa ya shigo, ko sallama babu. Mahaifinsu, Alhaji Lurwanu, yana kishingiɗe a kan darduma bayan sallar La'asar, da rediyo a gefensa.

"Baba! Ka san wanda ƴarka take shirin kwaso mana?"

Hajiya Dije ta leƙo daga madafa. "Kai Sufyan, lafiya? Haka ake shigowa gida?"

"Ina fa lafiya, Inna! Yaron nan Kalli, ɗan garin Bosso, da yake zuwa gaishe da Baba yana wani sunkuyar da kai, yayansa uwa ɗaya uba ɗaya yana daji tare da mutanen can. Kuma ba kama shi aka yi ba, da ƙafarsa ya tafi! Yau a kasuwa wani mai kifi ɗan garinsu ya gaya mini."

Alhaji ya kashe rediyo, ya tashi zaune. Shekara ashirin da biyar ke nan da ya baro Damagaram ya kafa kanti a Diffa, kuma kowa ya san shi da sanyin hali. Amma tun ranar da ƴan bindiga suka tare motar ƙanensa Alasan a hanyar Bosso suka kashe shi, shekara biyu da suka wuce, ba a ambaton mutanen daji a gabansa ya kwana lafiya.

"Hasna, kin san da wannan magana?"

Ta ajiye faifan. "Na sani, Baba. Shi da bakinsa ya gaya mini. Ya ce zai faɗa maka ranar da manyansa za su..."

"Kin sani! Kin sani kika bar shi ya zauna a tabarmata, ya sha ruwan gidana?"

"Baba, wallahi shi ba ruwansa..."

"Rufe mini baki!" Bai taɓa yi mata tsawa irin wannan ba. "Ban hana ki jami'a ba, ni na kai ki. Amma daga yau babu magana tsakaninki da yaron nan. Ba a baki, ba a salula, ba a takarda. Kin ji ko ba ki ji ba?"

Hawaye suka zubo mata. Ta ce, "Baba, fangalinmu ɗaya a gonar jami'a. Malaminmu Mushe Usmanu ne ya haɗa mu."

"To ku yi noman, bakinku a rufe. Gobe ki gaya masa abin da na ce, shi ke nan maganarku ta ƙarshe. Ki yi mini alkawari."

Ta dubi mahaifiyarta, Hajiya ta kau da kai tana share ido da bakin zane.

"Na yi alkawari, Baba."

Hasna tana shekara ta uku a sashen ilimin noma. A shekarar, malaminsu Mushe Usmanu ya ce karatun allo ya isa haka, kowa ya shiga gona. Da yake hukuma ta taƙaita shigo da takin zamani saboda matsalar tsaro, manoman tattasai na bakin kogin Komadugu sun shiga wani hali. Sai malamin ya raba ɗalibai biyu-biyu, ya ba kowaɗanne fangali a bayan azuzuwa, su gwada ko takin kashin shanu da toka da ƙaiƙayi zai iya riƙe tattasai har tsinka. A wurin haƙa ramin takin nan Hasna ta fara lura da Kalli: dogo, baƙi, mai ƙarancin magana, Hausarsa da karin Barebari. Shi ya koya mata riƙon hauya ba tare da ya yi mata dariya ba.

Washegari ta same shi a bakin fangali yana dashe. Ta tsaya daga nesa ta gaya masa komai, ba ta rage ba.

Ya dubi ƙasar da ke hannunsa. Sannan ya ce, "Alhaji yana da gaskiya. An kashe masa ɗan'uwa."

"Kai ma an ƙona muku gida, Kalli!"

"Na sani. Amma ba zan zama sanadin da za ki saɓa wa mahaifinki ba. Ke ki riƙa ban ruwa da safe, ni da yamma. Kayen awo, littafin nan namu, za mu bar shi a ɗakin kayan aiki, kowa ya rubuta nasa."

"Shi ke nan abin da za ka ce?"

"In na ƙara wata magana, ba zan iya tafiya ba." Ya ɗauki hauyarsa ya wuce.

Kafin mako ya zagayo, labarin ya cika jami'a, don Sufyan bai bar shi a gida ba. Kalli in ya zauna a benci, sai na kusa da shi su tashi ɗaya bayan ɗaya. An cire sunansa daga ƴan ƙwallon sashensu ba tare da kowa ya ce masa komai ba. Ita ma Hasna abin bai bar ta ba. Ƙawarta Zuhura, wadda tun lakkol, wato firamare, suke tare, ta tare ta a ƙofar aji.

"Ki yi haƙuri, Hasna. Babana ya ce kada a ƙara ganina da ke. Wai jandarmomi suna rubuta sunayen masu hulɗa da irinsu."

"Ai ko gaisawa ba ma yi yanzu, Zuhura."

"Na sani... amma dai. Pardon, kin ji?"

Haka Hasna ta koma zuwa ita kaɗai, komawa ita kaɗai. An hana hawa babur a gari, don haka a ƙafa take tafiya tun rana ba ta yi zafi ba. Ta ɗebi ruwa a famfo, ta bi shukokin ɗaya-ɗaya, ta auna tsayinsu. A gona babu kowa sai ita da ƴan tsuntsaye. Wani lokaci ta tarar da sawun takalmin Kalli a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta tsaya tana kallo har ruwan bokiti ya tsiyaye. A gida kuwa ba mai fushi da ita a fili, amma Baba ya daina kiranta ta zuba masa shayi, Sufyan kuma in ta shigo sai ya fita.

Ranar da aka kai su ziyarar gonakin bakin kogi, motar sojoji na gaba, motar ɗalibai na biye. Yara suna ta waƙa da tafi, ana raba biskit da lemo. Kujeru biyu ne kawai babu kowa a kansu a duk motar: ta kusa da Kalli a can baya, da ta kusa da Hasna a gaba. Da suka sauka, Mushe Usmanu ya nuna musu injinan ban ruwa da suka yi tsatsa, da gonakin da ciyawa ta cinye tun da masu su suka gudu. Hasna ta hango Kalli shi kaɗai a bakin ruwa, ya zuba wa gabas ido, wajen garinsu. Ƙafafunta suka ɗauke ta taku uku zuwa wurinsa. Sai ta tuna fuskar mahaifinta, ta juya ta koma cikin mota ta yi kukanta.

Cikin wata na huɗu zazzaɓi ya kwantar da ita kwana goma sha biyu. Da ta warke ta je gona da fargabar abin da za ta tarar. Fangalin yana nan kore shar, an nome shi tas, furanni sun fara zama ƴaƴa. Ta buɗe kaye. Duk layin safiya an cike mata shi da rubutunsa, tsayi da yawan ganye da ranar wata, ba ƙarin ko kalma ɗaya. Ta zaro bik ɗinta na rubutu, ta ɗora a ƙasan shafin. "Na gode" kawai take so ta rubuta. Wa zai gani? Daga ƙarshe ta rubuta awon ranar, ta rufe.

Da ta koma gida ta faɗa jikin mahaifiyarta. "Inna, na gaji! Wallahi na gaji!"

Hajiya Dije ta riƙe ta. "Ki daure, ƴata. Mahaifinki ba mugu ba ne, ciwo ne a zuciyarsa. Ni ma ina yi masa magana a hankali, amma kada ki ba shi hujja."

A wata na bakwai jami'a ta shirya makon ɗalibai. Saboda dokar hana fita, komai da rana ake yi: wasan kwaikwayo, gasar muhawara, rawar Barebari da ta Fulani. Rana ta ƙarshe ita ce ta baje kolin amfanin gona, aka gayyaci manoma da ƴan kasuwa. Alhaji Lurwanu ya samu takardar gayyata, domin kafin rikici yana cikin masu sayen tattasai buhu-buhu. Ya zo tare da Sufyan.

Kowace rumfa cike take da mutane, ban da ta ƙarshe. A can Hasna take tsaye a wannan gefen tebur, Kalli a wancan gefen, tsakaninsu tulin tattasai ja wur, manya-manya, wanda babu irinsa a duk filin. Wata tsohuwa ce kaɗai zaune a ƙasa kusa da su, da tsohon mayafi.

Alhaji ya zagaya sauran rumfunan, sannan ya nufo su. Ya ɗauki tattasai ɗaya, ya murza, ya fasa, ya sunsuna.

"Wannan ba takin zamani?"

"Ko ƙwaya babu, Alhaji," in ji Mushe Usmanu da ke biye da shi. "Su suka zo na ɗaya. Kuma ban taɓa ganin irin aikinsu ba. Wata bakwai, ban ji sun ce wa juna ko sannu ba. Har kiransu na yi buro, wato ofishina, na ce su shirya, kowa ya ce mini ba faɗa suka yi ba."

Alhaji ya dubi ƴarsa, ta sunkuyar da kai. Sai ya juya ga Kalli. Mutane sun fara matsowa.

"Yaro, tambaya ɗaya zan yi maka. Gaskiya ne yayanka yana daji?"

"Gaskiya ne, Alhaji."

"Kama shi aka yi?"

"A'a. Da kansa ya tafi."

"Kun ji ko!" in ji Sufyan. Alhaji ya ɗaga masa hannu.

Kalli ya ci gaba. "Sau biyu ya aiko in bi shi, na ƙi. Ranar da suka shiga Bosso, gidanmu yana cikin na farko da suka sa wa wuta. Ban san ko yana raye ba. Ban san ko yana cikin waɗanda suka tare ƙanenka ba, Alhaji, ba zan rantse maka a kan abin da ban sani ba. Abin da na sani, ni ban taɓa cutar da kowa ba."

Tsohuwar nan ta miƙe da ƙyar. Yakaka ce, mahaifiyarsa, ta taso tun daga rumfunan ƴan gudun hijira na bakin kwalta don ta ga aikin ɗanta. Da gurguwar Hausarta ta ce, "Alhaji, biyu na haifa. Ɗaya ya kashe ni da rai. Wannan shi ya goyo ni a bayansa har garin Tumur. Kada ku haɗa mini su."

Alhaji ya ajiye tattasan a hankali, ya juya ya tafi, Sufyan na binsa. Hasna ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Mako uku ba a tayar da maganar a gida ba. Abin da Hasna ba ta sani ba, mahaifinta yana rufe kanti da wuri yana fita. Ya je wurin limamin mutanen Bosso, ya je wurin tsofaffin abokan cinikinsa na can, ya je har rumfar Yakaka ya zauna a kan buhu. Duk inda ya tambaya, magana ɗaya ce. Ya kuma tarar Kalli yana zuwa duk Lahadi yana koya wa matan sansanin haɗa taki, sun yi ƴan fangalai a bayan rumfunansu.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya kira, "Hasna! Zo ki zuba mini shayi."

Ta zo ta durƙusa, ta ɗauki buta.

"Na so in kama ki da karya alkawari," in ji shi. "Har mutum na sa ya lura da ku. Da kin yi masa magana ko sau ɗaya, da na samu abin fakewa. Ba ki yi ba, shi ma bai nema ba." Idanunsa suka kawo ruwa. "Alasan ba zai dawo ba don na hukunta wanda bai kashe shi ba. Allah ma ba ya kama wani da laifin wani, ni wane ne? Ki gaya wa yaron ya turo manyansa."

"Baba... ni zan gaya masa? Da bakina?"

"Da bakinki mana! Ko kin manta yadda ake magana?"

Hajiya Dije ta rangaɗa guɗa daga madafa. Sufyan da ke tsaye a bakin ƙofa ya ce, "Hasna, ki yafe mini. Ni zan je in nemi gafararsa kafin su zo."

Hasna ta ɗauki salula ta shiga ɗaki ta kira Kalli. Da ya ɗauka, duk maganganun da ta tara wata takwas suka ɓace mata. Sai cewa ta yi, "Kalli... ina wuni?" Daga can ɓangaren ta ji yana kuka.

An ɗaura aure bayan sun karɓi takardar gama karatu. Zuhura ta zo da kunya, Hasna ta jawo ta ta zaunar kusa da ita, ba ta tuna mata komai ba.

Ƴan'uwana matasa, da Hasna ta bi son zuciyarta a ɓoye, da ta rasa yardar mahaifinta, da kuma Kalli ya yi ƙarya don ya tsira, da ya rasa mutuncinsa. Haƙuri da riƙon alkawari da faɗin gaskiya su suka buɗe musu ƙofar da kuka bai buɗe ba. Iyaye kuma, kafin ku yanke wa ɗan wani hukunci, ku taka ku bincika. Wannan fitina ta raba mu da garuruwanmu da gonakinmu, kada mu bari ta sa mu ƙi marar laifi saboda gidan da aka haife shi.