Kwatancen Tsohon Gida

Sai bayan isha'i aka sallame mu daga sashen kaya na filin jirgi, ni da akwatin gawar Yaya. Shekara tara yana aiki a ƙasar waje, ga yadda ya dawo. Na zauna gaba kusa da direban motar asibiti, barci ya sace ni kafin in yi masa kwatance.

Sanyi ne ya tashe ni, irin na firji, yana huro mini ƙeya. Motar na tsaye a ƙofar gidan da muka tashi shekara shida da suka wuce. Yaya bai taɓa ganin sabon ba.

Na ce, "Malam direba, wa ya nuna maka nan?"

"Ɗan'uwanka na baya mana. Tun daga shataletale yake ce mini yi dama, yi hagu. Sai dai muryarsa a dishe take."

"Ai ni kaɗai na shigo motar nan."

Direba ya kai hannu zai gyara madubi, ya fasa. 

Daga bayanmu aka yi gyaran murya, aka ce a hankali, "Auta, wa ya canja fentin ƙofarmu?"