Babur ɗin da Ba Ya Tsayawa

A kasuwar Makarfi Inuwa ya fara ganin Uwaliya, tana ɗauke da mazarƙwaila, shi kuwa yana tsugune gaban babur ɗin da ya haɗa da hannunsa. Tsohon keke ne ya fige, ya cire kariya da madigadi, ya rage tsayin sirdi, ya ɗaura masa ƙaramin injin da wani Baturen gona ya yar.

Mutane na ta dariya, kamar yadda suka saba yi wa duk abin da kakanninsu ba su sani ba. Ita kaɗai ta tambayi yadda ake tada shi.

Inuwa maraya ne. Tun da ya dawo daga koyon kanikanci a Zariya yake kwana shi kaɗai a shago, ya ci tuwon saye shi kaɗai. Bai taɓa samun wanda ya tambaye shi komai ba, don haka ya yi ta bayani har inuwa ta juya.

Daga nan ya fara zuwa zance ƙauyensu wajen Kudan. Tana ce masa Maiƙarfe, yana ce mata Sanyin Ido.

Sai dai babur ɗin ba shi da kuloci. In ya tsaya injin mutuwa yake, sai an tura da gudu, kuma Inuwa ba shi da mai tura masa. A gangare kawai yake iya tada shi. Mahaifin Uwaliya kuwa, Malam Jumare, a gindin tsamiya yake zama da dattijai, daidai inda hanya ta yi yashi. Kullum Inuwa sai ya jinjina musu hannu ya wuce.

Lawal, ɗan wani mai sayen hatsi a Hunkuyi, wanda shi ma ke son ta, ya ce ai haka 'yan boko suke. Malam Jumare ya yanke cewa wanda bai sauka ya gaishe shi ba, ba zai zama surukinsa ba. Ba wanda ya ga ya dace a tambayi yaron dalili. Mu dai yanke hukunci ya fi mana sauƙi.

Inuwa ya yi makonni a shago bai fita ba. Ran kasuwa Uwaliya ta tsaya a bakin ƙofa.

"Maiƙarfe, Baba bai ƙi ka ba. Gaisuwarsa yake bin ka."

"In na tsaya ba zai tashi ba, Sanyin Ido. Dariya za su yi mini."

"Ai sun daɗe suna yi. Ni za ka rasa."

Ran Juma'a ya kashe injin a gindin tsamiya, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Ya gaida kowa, ya tambayi gida da gona da shanu. Da aka sallame shi ya kama turi cikin yashi, ya dire kan sirdi, injin ya yi tari ya mutu. Ya sake, ya faɗi. Dattijai suka fashe da dariya.

Malam Jumare bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙe ya naɗe hannun rigarsa.

"Ashe wannan ce matsalar. Hau, ɗana."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Yanzu in Inuwa zai fita, daga zaure Uwaliya ke tura shi tana dariya. Allah ya bar su tare, ya ba su 'ya'yan da za su karɓe ta turin.