Sunan da Ke Cikin Wayar Haulatu

"Wane ne Kapol?"

Haulatu ko takalmin aiki ba ta cire ba. Awa goma sha biyu ta yi a tsaye tana jinyar mutane a asibiti, daga shigowarta gidan yayanta a unguwar Al Gharrafa, can ƙasar Larabawa, sai ga wayarta a hannunsa. Da safe ta manta da ita a kicin.

"Yaya Faruq, ka bari in yi salla mana..."

"Antinki ta ce sau tara ya kira. Ba'indiye kika samo mana?"

Matarsa, Anti Rahma, tana jingine da ƙofa tana duban farcenta. Shekara guda ke nan tana tallata wa Haulatu ƙaninta Sagiru, malamin jami'a, ba ta samu shiga ba.

"Ba Ba'indiye ba ne. Mu'azu ne, ɗan Gusau. Shi ke tuƙa motar da ke kai mu aiki."

"Direba," ya maimaita a hankali.

Da ta ce Ba'indiyen ne, da ƙila fuskarsa ba ta ɓaci haka ba.

A shekarar korona abin ya faro. Lokacin an ware ma'aikatan jinya a masauki na daban, wata biyu ba ta ga wani nata ba. Takunkumi ya ci mata kumatu har sun sale. Wata ranar da yamma ita ce ta ƙarshe a motar, tana danna wurin da auduga tana cije leɓe, sai direban ya miƙo ɗan gwangwani ta baya.

"Man kaɗe ne, 'yar'uwa. Daga gida na taho da shi."

Jin Hausar kaɗai ya sa ta kuka.

A unguwar Mu'aither Mu'azu yake zaune, ɗaki ɗaya da wani dattijo mai suna Dinesh, wanda ya yi koyarwa a Indiya kafin ya zo tsaron sito. Zaman kulle ya yi musu tsawo, dattijon ya shiga koya masa Indiyanci. Kullum Mu'azu da sabuwar kalmar da zai kawo mata.

"Kin san kunci suna biyu gare shi a wajensu? Akwai gaal, na kowa da kowa, wanda uwa ke ja wa ɗanta. Sai kuma kapol. Dinesh ya ce daga Sanskrit ya fito, tsohon harshen littattafansu, can kapola ake cewa. Ba a jin sa a kasuwa, sai a bakin mawaƙa in za su yabi fuskar mace."

"To nawa wanne ne?"

Bai ɗauke ido daga titi ba.

"Na tambaye shi. Na ce akwai wata da takunkumi ya ji wa ciwo garin jinyar 'ya'yan mutane. Ya ce wannan ai ya wuce gaal."

Ranar ta sauya masa suna a wayarta.

Yanzu ga shi an shiga hidimar Kofin Duniya, gari ya cika da baƙi da tutoci, ita kuwa gidan ya zame mata ƙunci. Mu'azu ya zo gaisuwa sanye da shaddarsa guda ɗaya, Faruq ya tsayar da shi a bakin ƙofa, ko ruwa ba a kawo masa ba. Anti Rahma ta riga kowa kiran gida, ta ce Haulatu ta liƙe wa wanda ba a san asalinsa ba.

"Kwantiragina zai ƙare da an gama ƙwallon nan," in ji Mu'azu washegari. Idanunsa sun yi ja don rashin barci. "Ba zan raba ki da ɗan'uwanki ba, abar ƙaunata. In bai yarda ba, khalas, shi ke nan, sai in koma gida."

"Na gaji, Mu'azu... Wallahi na gaji da komai."

"Har da ni?"

"Ban da kai."

A hutun rabin awa na cin abinci ta kira mahaifinsu a Zariya. Ba ta yi kuka ba, ba ta da ƙarfin yin sa. Ta faɗa masa komai, har kwana goma sha huɗun da cutar ta kwantar da ita, Mu'azu yana ajiye mata kunu a bakin get kowace safiya.

Da ta gama, Baba ya ce:

"Zan sa a bincika min gidansu. Shi kuma Faruq ki ce ya kira ni. Ya manta a bayan sitiyarin tifa na rene shi."

Mako uku bayan nan, ranar Juma'a, aka ɗaura auren a Zariya. Amarya tana can wajen aikinta tana sa wa wani ɗan kallon ƙwallo ƙarin ruwa, ango yana kan titi yana tuƙi. Faruq ne ya kira ta da kansa, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"An ɗaura, ƙanwata. Ki yafe min. Ki ce masa ya zo ya ci tuwo."

Da yamma ta hau motar, ta zauna a kujerar da ke bayansa.

"Sannu da aiki, amarya."

"Sannu, angona... In mun iso ka tashe ni."

Kafin su fita daga unguwar Al Mirqab barci ya ɗauke ta. Ya rage gudu. Motocin 'yan ƙwallo suna ta danna masa hon ta baya, ko waiwayawa bai yi ba.