Tsakanin So da Tausayi

"Anti Mai Kalmomi, ni ma ina da tambaya..."

 Ko daga barci ta tashi ta san muryar nan. 'Yar ƙanwar mahaifiyar Injiniya mai kula da sautin shirinta ce, wadda dangi suka daɗe suna kwaɗayin ya aura.

Shirin rediyo ne kai tsaye, duk gari na saurare. Yanzun nan ta gama bambance wa wani dattijo marmari da kewa: marmari na abin da aka daɗe ba a samu ba ne, kewa kuwa gurbin da mutum ya bari.

Ta ɗaga kai. Ta cikin gilashi ta hango Injiniya gaban na'urar sauti, fuskar nan tasa ta haɗe.

"Muna jin ki, 'yar'uwa."

"Mene ne bambancin so da tausayi? Don akwai wata mai jan ƙafa, ɗan riƙe mata jaka aka yi, ita kuwa har ta fara jin kanta amarya."

Injiniya ya kai hannu zai katse layin.

Ta girgiza masa kai.

Maganar ba sabuwa ba ce. Haka Mamansa ta ce da ya kai zancen aurensu gida: tausayin shan innar yarinyar ne ke ɗibarsa, zai wuce. Tun da labarin ya zo kunnen Anti ta daina ɗaga wayarsa, daga gaisuwa sai aiki. Yau ma niyyarta ana tashi ta sallame shi.

Ta dubi sandarta da ke jingine a bango, ta gyara zama.

"Tambaya mai kyau. Tausayi daga sama yake leƙo ka. Mai tausayinka ba ya musu da kai, ko shirme ka yi sai ya ce sannu da ƙoƙari. Na sha shi tun ina rarrafe, ɗanɗanonsa ba ya ɓace min. So kuwa ido cikin ido yake. Ya yi fushi da kai, ya gaya maka gaskiya, gobe kuma ya dawo. Sai ita baiwar Allahn ta duba wanne ake mata. Mu je hutu."

Kiɗa ya tashi. 

Ƙofa ta buɗe da ƙarfi, Injiniya ya shigo. Ta sunkuyar da kai. Idan "sannu" ta fito daga bakinsa, shi ke nan, an gama.

"Sau nawa zan ce ki daina ja da baya daga makirfo? Rabin maganarki iska ta kwashe! Kuma ni kika mayar bango, ina kira kina kallon waya? Me na yi miki?"

Ta ɗago a hankali. Dariya ta kuɓuce mata, hawaye na bin kumatu.

"Au, dariya ma na ba ki?"

"Ci gaba da faɗan, masoyi... kada ka tsaya."

Wayarsa ta yi ƙara. Ya duba.

"Mama ce. Ba ta taɓa barin shirinki ya wuce ta ba."

Ya saurara kaɗan, sannan ya miƙo mata.

"'Yar nan, wadda ta kira ba da yawuna ba, zan gamu da ita," in ji Mama. "Amma gaya min tsakani da Allah, yaron nan faɗa yake miki?"

"Kullum, Mama. Yanzu ma a kai muke."



"Halin babansa ya kwaso. Shi ma kowa ya shaide shi da haƙuri, ni kaɗai ke shan mitarsa." Mama ta yi ajiyar zuciya. "Ranar da ba ki da aiki ki zo gida, in koya miki yadda ake ramawa."

Ta miƙa masa wayar, tana share ido.

"An kusa dawowa," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Matso da kujerarki, sarauniya."

"Ba inda zan matsa. Kai da za ka aure ni, matso min da makirfon."