Rijiyar da Ta Ƙi Shiga Lissafi

Ana gobe taron masana lissafin kwamfuta na jami'o'in yankinmu, Dakta Kamaruddeen ya kira ni ofis bayan la'asar. Shi ne mai duba aikina na digiri na biyu, in bai sa hannu ba duk wahalar da na sha ta tashi a banza. Mutum ne da ko gaisuwa sai ya ga dama yake amsawa. Na tsane shi, amma ina rusuna masa, don mai nema ba ya fushi.

Aikin nawa ne, shi zai gabatar. Manhaja na rubuta mai lissafa yadda ruwa ke ja da baya a rijiyoyin ƙauyukan bayan Bici. Duk sun bi lissafi, ban da wata tsohuwar rijiya a bakin gonar dawa. Da zarar na saka awonta, sai kwamfuta ta yi ta juyi, ta kasa tsayawa a kan amsa.

"Kai ne ba ka iya awo ba, Zaharaddini," in ji shi. "Tashi mu je ka sake, ko ka nemi wanda zai sa maka hannu."

"Ranka ya daɗe, kafin mu isa magariba ta yi."

"To sai me? Rijiyar tashi take daga aiki?"

Muka shiga motarsa. Muka bar kwalta rana ta yi jajir. Dawa ta yi kai, ta tsare hanya dama da hagu. Ana jin hayaƙin kara daga gidaje, da warin taki. Babu kowa a bakin rijiyar, don ko ɗan yaye ya san ba a leƙa irinta da almuru. Dakta ya tsaya daga nesa a cikin mota, ya ɗaga gilashi saboda sauro, ya ce in yi sauri.

Abin awon igiya ce mai ƙarfe a baki, tana ƙara idan ta taɓa ruwa. Na zura. Can ƙasa ta yi ƙara. Na fara naɗewa.

Sai na lura gyare sun yi shiru. Kwaɗi ma haka. Wani sanyi ya taso daga ramin, da warin taɓo da na ƙonannen gashi.

"Sake."

A hankali aka faɗa, daga ciki.

Hannuna ya sake zura igiyar ba da yardata ba. Ta yi ƙara a rabin zurfin ɗazu.

"Sake."

Rabin wancan kuma. Ruwan tasowa yake. Na gane lissafin, shi nake koya wa kwamfuta: a raba tazara biyu, a sake rabawa, har a cimma amsa. Amsar kuwa bakin rijiya ce, inda nake tsaye.

Na ƙwala kira, "Dakta!"

Fitilar mota ta haske ni. Ya ga abin da ke tasowa. Na ji ya yi baya da gudu yana karya karan mutane. Ya tafi ya bar ni.

Ruwan ya iso baki, baƙi ƙirin, ba ya motsi.

Wasu dogayen yatsu suka fito suka riƙe wuyan hannuna. Na fara karanta Ayatul Kursiyyu, muryar nan ta katse ni.

"Kullum kana auna mana gida. Wa ya aiko ka?"

Na faɗi sunansa. Na haɗa da na ubansa.

"Ina za mu same shi?"

"Gobe, a zauren taro."

Yatsun suka sake ni. Na faɗa cikin dawa ganye na yankar fuskata, ban tsaya ba sai a masallacin ƙauye. Da safe na hau motar hatsi zuwa kasuwar Dawanau, daga nan na wuce wurin taron.

Na tarar Dakta yana gaban farfesoshi cikin farar shadda. Aikina ne a allon, babu sunana, kuma ya cire tsohuwar rijiyar don lissafi ya yi kyau. Ya hango ni a baya ya kau da kai. Aka tafa masa. Wani farfesa ya tambaye shi ko duk rijiyoyin ya saka. Ya ce ƙwarai, ya buɗe robar ruwa ya kurɓa.

Daga inda nake na ji warin taɓo.

Ya yi tari. Baƙin ruwa ya ɓalle ta hancinsa da bakinsa, ya jiƙe shaddar har ƙasa. Sai ya fashe da dariya da muryar da ba tasa ba. Mutane suka watse, wasu ko takalmi ba su ɗauka ba.

Bai mutu ba. Yana can garinsu wurin mai magani, ko buta ya gani sai ihu. Wallahi ban tausaya masa ba. Ni kuma wuyan hannuna har yau sanyi ƙalau, ko a tsakiyar bazara.

A sashenmu babu malamin da ya yarda ya taɓa aikin, ko buɗe shi ba sa so. Suka ce sai wanda ya fara dubawa ya sa hannu, ga wa'adin karatuna ya kusa cika. Na ɗauki aikin da biro na bi shi har garinsu. Ya dube ni ya yi murmushi, hannun da nake jira yana ɗaure da sarƙa a jikin turke.