Majanyin Lantana

Ku matso, ku rage murya. Wannan a kan ƙanwata Lantana ya faru, Allah ya jiƙanta.

Bayan an yanke gero, mata kan fita kamun fara da tocila, lokacin da sanyi ya hana farar tashi. Ran nan abokan tafiyarta suka makara. Ta goya ɗanta Sallau, ɗan wata bakwai, ta nufi gonakin bakin fadama ita kaɗai.

Duk inda ta haska, ƙasa sai ƙyalli. Ta san ko mene ne. Idanun gizo-gizon nan ne mai launin ƙasa, wanda ba ya saƙa. A rami yake kwana, da ƙafa yake farauta, macen kuwa da 'ya'yanta take yawo, tsibi guda a baya.

Sai ga wata mata tsugune cikin kara. Lantana ba ta ji takunta ba. Matar ta gaishe ta, ta tambayi gida, ta tambayi yaro, kamar kowa. Ta ce majanyinta ne ya tsinke, goyo na zamewa.

"Ara mini naki, 'yar'uwa. Yanzu zan maido."

A garinmu ba a hana mai goyo irin wannan. Lantana ta kwance, ta bar Sallau cikin zani kawai.

Da matar ta juya za ta ɗaura, hasken ya sauka a bayanta. Ƙananan kawuna ne, sun fi hamsin, manne da juna. Babu mai kuka.

"Naki ɗaya tak?" in ji ta. "Kaɗaici zai dame shi."

Lantana ta so ta yi addu'a, harshe ya yi nauyi. Ta so ta gudu, ƙafa ta ƙi ɗaguwa. Tana jin ɗumin yaron yana barin bayanta kaɗan-kaɗan. Matar ta ƙulle majanyin, ta sunkuya, ta shige wani rami da ko hannu ba zai shiga ba.

Sallau ya iso gida yana numfashi, ido buɗe, ba kuka, ba shan nono. Mun je asibiti, mun je wurin malam. Kwana uku ya yi, ya rasu.

Daga nan kullum Lantana na gonar tana tonon ramuka. Ni nake riƙe mata fartanya. Wani lokaci takan kara kunne a ƙasa, ta ce in yi shiru. Kafin damina muka binne ta.

In kuna da goyo, kada ku bi bakin fadama ku kaɗai.